Kuɗin Haya da Haraji: Yadda Mai Gida Zai Bayyana Abin da Ya Samu, Ya Cire Abin da Ya Kashe

Mafi yawan masu gidajen haya a garuruwanmu ba sa lissafa kansu cikin masu biyan haraji. A wurinsu haraji na ma'aikaci ne da ake yanka a albashinsa tun kafin ya gani, ko na ɗan kasuwar da jami'ai ke garƙame wa shago. Gida kuwa gumin mutum ne: ya sayi fili, ya tara bulo a hankali, ya rufa kwano, ya zuba 'yan haya don ya samu na cefane ranar da ƙarfi ya ƙare. Amma dokar Najeriya ta daɗe tana sa kuɗin haya cikin kuɗin shiga. Dokar harajin ɗaiɗaikun mutane ta 1993, wadda aka yi wa gyara a 2011, haka ta ce. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ba ta sauya wannan ba.

Abin da ya sauya shi ne ɗan haya. Sabuwar dokar ta ba mai zama a gidan haya rangwame: zai cire kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya a shekara daga kuɗin da za a yi masa haraji a kai, muddin rangwamen bai wuce naira 500,000 ba. Sharaɗin shi ne ya bayyana ainihin abin da ya biya. Ma'aikacin da ke biyan hayar naira miliyan 1 zai rage naira 200,000 daga abin da ake yi wa haraji, kuma ba zai bar wannan ya wuce shi ba don a rufa wa mai gida asiri. Zai zo ya ce, “Alhaji, a taimaka mini da rasit.” Daga ranar da rasit ɗin ya shiga fayil, hukuma ta san akwai gida, ta san nawa ake biya, ta san wa ke karɓa.

Na fahimci dalilin da ya sa kalmar haraji ke ɗaga wa dattawa hankali. Mutanen Kano da Kaduna ba su manta da 1979 ba, shekarar da gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali. Wancan harajin kai ne, ana ɗora wa mai shi da marar shi. Wannan da muke magana a kai ba a kan kai yake ba, ba ma a kan duk kuɗin da ka karɓa yake ba. A kan riba yake, wato abin da ya saura bayan an fitar da ɗawainiyar gidan. Sai dai hukuma ba ta san ɗawainiyar da babu takarda a kanta ba, kuma nan ne masu gidaje ke yin asara.

Wa za ka biya

Idan gidan da sunanka yake, harajin ribar haya na hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar da kake zaune ne, ba jihar da gidan yake ba. Mazaunin Kano mai gida a Kaduna, KIRS zai kai wa lissafinsa, ba KADIRS ba. Mazaunin Abuja kuma FCT-IRS. Idan gidan da sunan kamfani aka yi masa rajista, maganar ta koma hannun hukumar tarayya, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS, kuma dokokin kamfani daban suke. Wannan jagorar ta mutum ce mai gida da sunansa, namiji ko mace. Hajiya mai gidan haya lissafinta nata ne, ba a haɗa shi da na maigidanta.

Kada a rikita wannan da kuɗaɗen da ke bin gidan inda yake. Kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ke kan takardar mallaka, gwamnatin jihar da filin yake ake biya, ta ofisoshi irin su KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja. Harajin gini kuma tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi karɓarsa. Biyan waɗannan bai sauke maka harajin riba ba, amma ana cire su a lissafi, kamar yadda za mu gani.

Abin da ake kira kuɗin shiga

Fara da jimillar hayar shekarar, daga Janairu zuwa Disamba, ta kowane ɗaki, kowane shago, kowane filat. Ko ta banki aka turo, ko a hannu aka damƙa maka, duk ɗaya ne.

Wurare huɗu ne mutane ke tuntuɓe.

Na farko, hayar da aka biya gaba. A nan ƙasar an saba karɓar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce a raba kuɗin a kan lokacin da aka biya dominsa, har zuwa shekara biyar. Idan ɗan haya ya ba ka naira miliyan 2 na shekara biyu ranar 1 ga Yuli, 2026, abin da ya faɗo cikin 2026 na wata shida ne, naira 500,000. Miliyan 1 na 2027 ne, ragowar 500,000 na 2028. Wanda ya zuba duka a shekara ɗaya ya tura kansa matakin haraji na sama ba gaira ba dalili. Wanda kuma ya rubuta 500,000 bana ya manta da sauran baɗi, ya ɓoye kuɗin shiga ko da bai yi niyya ba. Saboda haka a rubuta ranar fara haya da ranar ƙarewarta a kan kowane rasit.

Na biyu, kuɗin ajiya da wasu ke karɓa saboda ɓarna. Wannan amana ce a hannunka, ba naka ba ne, ba a yi masa haraji. Ranar da ɗan haya ya tashi ka riƙe wani abu daga ciki saboda ƙofar da ya ɓalla, abin da ka riƙe ya zama kuɗin shiga, gyaran ƙofar kuma ya shiga ɗawainiya.

Na uku shi ne wanda ya fi yawa a unguwanninmu: “Ka gyara, a cire a kuɗin haya.” Hayar naira 600,000 ce, ɗan haya ya kashe 150,000 wajen gyaran banɗaki, ya kawo maka 450,000. A littafi za ka rubuta haya 600,000, gyara 150,000. Ribar dai ɗaya ce, amma idan shi ya kai wa hukuma 600,000 kai kuma ka rubuta 450,000, alƙaluman sun saɓa, kuma kai za a tambaya. Ka karɓi rasit ɗin kayan da ya saya kafin ka amince da ragin.

Na huɗu, hayar da aka ƙi biya. Ana iya cire ta a matsayin bashin da ya mutu, amma sai ka gamsar da hukuma cewa ka bi kuɗinka ba ka samu ba: wasiƙun tuni, takardar sallama daga gida, takardar kotu idan an je. Idan daga baya Allah ya huwace wa mutumin ya kawo, sai a mayar da kuɗin cikin lissafin shekarar da ya biya.

Ɗakin da ya zauna babu kowa, babu haraji a kansa. Haka wanda ka ba ƙaninka ko almajirinka kyauta. Sai dai ɗawainiyar ɗakin da ka bayar kyauta ba ta shiga lissafi, tun da ba neman haya aka yi da shi ba.

Kashi 10 da kamfani ke riƙewa

Idan ɗan hayarka kamfani ne, ko banki, ko ma'aikatar gwamnati, ko ƙungiya, za ka ga kuɗin sun zo da giɓi. An yi yarjejeniya a kan naira miliyan 2, alat ya shigo da 1,800,000. Ba cuta ba ce. Doka ta wajabta musu riƙe kashi 10 cikin 100 na haya su kai wa hukuma da sunanka, kuma wanda ya ƙi riƙewa tara mai nauyi ke jiransa, kashi 40 cikin 100 na abin da bai riƙe ba. Don haka roƙon akantan kamfani ya biya ka cif ɓata lokaci ne. Magidanci mai haya don zaman iyalinsa ba ya riƙe komai.

Wannan naira 200,000 ɗin kafin alƙalami ne a kan harajinka na shekara. Ba ta ɓace ba, sai idan kai ka bar ta. Abin da za ka nema wurin kamfanin shi ne takardar shaidar riƙewa, mai ɗauke da sunanka daidai yadda yake a rajistar haraji, da lambar harajinka, da jimillar hayar, da abin da aka riƙe. Ƙa'idojin riƙe haraji na 2024, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2025, sun ce a kai wa hukumar jiha kuɗin a cikin watan da ke biye, kuma takardar da aka ba ka hujja ce a hannunka. Idan kamfanin ya riƙe bai kai ba, shi hukuma za ta bi. Ka nemi takardar tun a watan da aka biya ka. Bayan shekara biyu akantan ya sauya aiki, wanda ya gaje shi bai san da zancen ba.

A fom ɗin harajin shekara kuma miliyan 2 za ka rubuta a matsayin haya, ba 1,800,000 ba. Sai an gama lissafin haraji sannan a cire 200,000 ɗin.

Abin da ake cirewa

Ma'aunin doka shi ne a kashe kuɗin kacokan don samar da hayar. Da wannan ma'aunin, ga abin da ke wucewa ba gardama: la'adar dillali ko ejan da kai ka biya, da kuɗin mai kula maka da gidan, albashin maigadi da mai shara, kwashe sokawe da yashe kwata, gyaran famfo, wayar wuta, injin jan ruwa, fenti tsakanin tashin wani ɗan haya da shigar wani, kuɗin ƙasa da harajin gini, inshorar gidan, kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniyar haya ko ya bi maka bashi, da kuɗin wuta ko ruwa idan kai ke biya. La'adar da ɗan haya ya biya dillali daga aljihunsa ba taka ba ce, kada ka sa ta.

Idan da bashin banki ka gina ko ka sayi gidan hayar, abin da banki ya ɗora a kan bashin ana cire shi, amma uwar kuɗin da kake mayarwa ba a cire ta. Ka karɓi jadawalin biya daga banki wanda ya raba biyun.

Inda ake kai ruwa rana shi ne bambancin gyara da ƙari, kuma ya kamata mai gida ya fahimce shi sosai, domin nan ne manyan kuɗi suke. Gyara shi ne mayar da abu yadda yake a da. Iskar farkon damina ta yaye kwano goma, ka sayi goma ka mayar: gyara ne, ana cire shi duka a shekarar. Katanga ta tsage ka kira birkila ya ɗinke ta: gyara ne. Ƙari kuwa shi ne samar da abin da babu shi a da, ko ɗaga darajar gidan. Ka ɗora bene, ka fitar da shaguna uku a jikin katanga, ka haƙa rijiyar burtsatse inda babu, ka kafa sola: wannan jari ne ka zuba, ba a cire shi a dunƙule a shekara ɗaya. Yana da tasa hanyar, wato rangwamen jari, wanda ake rabawa a kan shekaru. Sabuwar doka ta sa gini a ajin kashi 10 cikin 100 a shekara. Neman wannan rangwamen yana buƙatar hujjar abin da aka kashe a ginin, kuma a nan shawarata ita ce a biya akanta mai lasisi ya tsara shi. Kuɗin akantan ba zai kai abin da za a rasa ba.

Akwai ayyukan da ke tsakiya. Daɓen siminti ya farfashe, maimakon ka sake daɓe sai ka shimfiɗa tayil a gidan duka. Jami'in haraji zai ce ƙari ne, kuma yana da hujja, domin gidan ya fi yadda yake a da, hayarsa ma za ta tashi. Dabarar ita ce idan aiki ɗaya ya haɗa gyara da ƙari, a raba su tun a takardar ɗan kwangila: ga kuɗin toshe yoyon rufi, ga kuɗin sabon ɗakin maigadi. Idan aka cure su a layi ɗaya aka rubuta “aikin gida”, jami'i na iya ture duka zuwa jari.

Abin da ba ya shiga sam: cefanen gidanka, kuɗin makarantar yara, man motarka na yau da kullum, tarar da aka ci ka, da kuɗin sayen filin. Zakka ma ba ta cikin abin da doka ta yarda a cire. Haƙƙin Allah ne, lissafinta daban, kuma biyan ɗaya bai ɗauke ɗaya ba.

Idan kana zaune a sashe ɗaya na gidan, sauran na haya, sai a raba ɗawainiyar da ta shafi kowa. Gida mai sashe huɗu, kana cikin ɗaya, maigadi na karɓar naira 40,000 a wata: 30,000 ne na haya, 10,000 naka ne. Gyaran da aka yi a sashenka kaɗai ba ya shiga.

Rasit a hannun birkila

Za a ce, to ai masu aikin hannu ba sa ba da rasit. Gaskiya ne, kafinta ba ya yawo da hatimi. Amma kai za ka iya yawo da littafi. Sayi ƙaramin littafin rasit mai kwafi a kantin littattafai. Duk wanda ya yi maka aiki, ka rubuta kwanan wata, sunansa, lambar wayarsa, adireshin gidan, da aikin dalla-dalla: “Sauya kwano 10 da katako 6 a rufin sashe na biyu, kuɗin aiki naira 35,000.” Ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Sannan ka tura masa kuɗin ta banki, ka rubuta “gyaran rufi” a wurin bayani. Ɗauki hoton rufin da waya kafin aiki da bayansa. Rasit, alat da hoto, idan suka haɗu a kan aiki ɗaya, da wuya a musa shi.

Kayan aiki kuwa, siminti, fenti, bututu, a saya inda za a ba ka rasit mai sunan shago. Rasit ɗin inji mai siririyar takarda yana gogewa cikin 'yan watanni a zafin nan namu, don haka a ɗauke shi hoto ranar da aka karɓa.

Abu mafi sauƙi da zai rage maka wahala shi ne asusun banki guda na gidan haya kaɗai. Haya ta shiga nan, ɗawainiya ta fita daga nan. Ƙarshen shekara takardar bayanin asusun ta yi maka rabin aikin. Wanda ya haɗa kuɗin haya da na kasuwa da gudummawar biki a asusu ɗaya, ranar bincike shi zai zauna yana rantsuwa a kan kowane layi. Doka ta ce a adana takardu aƙalla shekara shida.

Lissafin kansa

Matakan harajin sabuwar doka a shekara su ne: naira 800,000 na farko babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin 100. Miliyan 9 na gaba kashi 18. Miliyan 13 na gaba kashi 21. Miliyan 25 na gaba kashi 23. Abin da ya haura miliyan 50 kashi 25. Kowane mataki a kan yankinsa kaɗai yake aiki. Shiga matakin kashi 18 ba ya nufin duk kuɗinka za a yi wa kashi 18.

Mu ɗauki misali. Mutum ya yi ritaya, ba shi da wata sana'a sai gida mai filat huɗu. Uku na iyalai a kan naira miliyan 1 kowanne, ɗaya kamfani ya kama ya yi ofis a kan miliyan 2. Jimillar haya miliyan 5. A shekarar ya biya mai kula da gidan 250,000, gyare-gyare 600,000, maigadi 480,000, kuɗin ƙasa da harajin gini 70,000, inshora 100,000. Ɗawainiya ta tashi miliyan 1.5, riba miliyan 3.5.

Naira 800,000 na farko sun fita. Miliyan 2.2 a kashi 15 ya ba da 330,000. Ragowar 500,000 a kashi 18 ya ba da 90,000. Haraji 420,000. Kamfani ya riga ya kai 200,000 da sunansa, saura 220,000 zai cika.

Yanzu a ce mutumin nan bai ajiye takarda ko ɗaya ba. Za a yi masa lissafi a kan miliyan 5 cur: 330,000 da 360,000, wato 690,000. Idan takardar kamfanin ma babu, duka zai biya. Tsakanin 220,000 da 690,000 akwai naira 470,000, kusan rabin hayar filat guda, kuma ba abin da ya raba su sai littafin rasit da takarda ɗaya.

Ga ma'aikaci lissafin ya fi zafi, kuma gara a sani tun da wuri. Ba a ba mutum rangwamen 800,000 sau biyu. Idan albashinsa da ake yi wa haraji ya kai miliyan 4, ya riga ya cinye matakin kyauta da na kashi 15. Ribar hayar miliyan 3.5 a saman albashin za ta hau, duka a kashi 18, wato 630,000. Harajin da ofis ke yanka a albashi bai shafi haya ba, kuma ofis ba zai bayyana maka ita ba. Kai za ka yi da kanka.

Wadda duk abin da take samu a shekara bai wuce 800,000 ba, kamar gwauruwar da ke hayar ɗakuna biyu a gidan da mijinta ya bari, ba ta da harajin biya. Duk da haka cike fom ɗin yana da amfani, don shi ke tabbatar da cewa ba a bin ta komai.

Kai lissafi

Wa'adin shi ne ranar 31 ga Maris na kowace shekara, a kan abin da aka samu a shekarar da ta gabata. Hayar 2026 za a bayyana ta kafin ƙarshen Maris na 2027. Kana buƙatar lambar haraji, kuma a sabon tsari lambar NIN ce tushenta ga mutum ɗaya. Je ofishin hukumar jiharka mafi kusa, ko shafinta na intanet inda akwai, ka nemi fom ɗin bayyana kuɗin shiga na shekara. A ciki za ka sa duk hanyoyin samunka, ba haya kaɗai ba. Haɗa da takarda guda mai nuna kowane gida, hayarsa da ɗawainiyarsa, da kwafin takardun riƙewa. Asalin rasit ya zauna a wurinka, kwafi ake bayarwa. A buga maka hatimin karɓa a kan naka kwafin.

Biya kuwa ta banki, cikin asusun gwamnati, a ba ka rasit na hukuma mai sunanka. Kada ka damƙa wa kowa kuɗi a hannu don ya “daidaita” maka. Kuɗin da bai shiga asusun gwamnati ba, ba a biya shi ba, kuma baɗi za a sake tambayarka.

Rashin kai lissafi a kan lokaci yana da tara: naira 100,000 a watan farko, 50,000 a kowane wata bayansa. Jinkirin biya kuma ƙarin kashi 10 cikin 100 ne da kuɗin ruwa. Ga mai ƙaramin gida, tarar wata uku na iya fin harajin kansa.

Bayan biya, nemi takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekaru uku na baya. Mai gida ya fi kowa buƙatarta, domin ana tambayarta wajen neman takardar mallakar fili, amincewa da zanen gini, sauya sunan mai fili, da neman kwangilar gwamnati. Masu neman ta cikin gaggawa ranar da ciniki ya faɗa su ne ke biyan abin da aka yanka musu ba tare da musu ba.

Gidan gado da mai gida na nesa

Gidan gado da ba a raba ba yana da sarƙaƙiya, domin sau da yawa babban wa ke karɓar haya a asusunsa ya rarraba. A idon hukuma kuɗin nan kamar nasa ne, sai ya nuna akasin haka. A rubuta takarda mai sunayen magada da rabon kowa, a fitar da ɗawainiya, a tura wa kowa nasa ta banki. Kowane magaji ya sa rabonsa a lissafinsa. Wannan ya fi sauƙi ga kowa, tun da riba idan ta rabu gida takwas, da yawa ba za su kai matakin biya ba. Takardar kuma tana kashe zargin da ke raba zumunci.

Wanda ke zaune a Saudiyya ko Ingila yana da gida a Kano, hayarsa a Najeriya aka same ta, kuma Najeriya na da haraji a kanta. Wakilin da ke karɓar masa ya riƙe littafi kamar yadda aka bayyana a sama.

Idan an yanka maka abin da ba ka yarda ba

Wanda bai kai lissafi ba, hukuma na da ikon yi masa ƙiyasi: jami'i ya dubi gidan, ya dubi unguwar, ya rubuta abin da yake ganin ana samu. Ƙiyasi ba ya sanin filat ɗin da ya yi wata takwas a rufe. Ko ka kai lissafi ma, ana iya ƙin wasu abubuwan da ka cire.

Idan takardar ƙiyasi ta iso, rubuta ranar da ka karɓe ta a bayanta. Kana da kwana 30 ka kai ƙorafi a rubuce. Zuwa ofis a yi magana da baki, ko aika wani babba ya sa baki, ba ya tsayar da kwanakin nan, kuma idan suka cika ba ka rubuta ba, ƙiyasin ya zauna daram. A wasiƙar ka faɗi abin da aka yanka, abin da kai ka lissafa, da dalilin bambancin layi-layi, ka haɗa kwafin hujjoji, ka biya ɓangaren da ba ka jayayya a kansa. Idan hukuma ta ƙi sauyawa, sai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda ke zama a Kaduna don Arewa maso Yamma, Bauchi don Arewa maso Gabas, Jos don Arewa ta Tsakiya, da kuma Abuja. Dokokin 2025 sun ƙara da ofishin mai sauraron koken masu biyan haraji, inda ake kai ƙorafi a kan yadda jami'ai suka tafiyar da aikinsu, kuma ba a biyan kuɗi kafin a saurare ka.